Littafin hunturu: gwajin da nake yi wa ƙunci da faɗuwar gaba

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Bara sai da Disamba ta raba tsakiya sannan na yarda cewa abin da ke damuna ya wuce kasala. Bana ba zan tsaya ya iske ni a kwance ba. Shekara uku ke nan yana zuwa a lokaci ɗaya: da rana ta fara gajarta a nan arewacin duniya sai jiki ya yi nauyi, barci ya ƙaru amma in tashi kamar wanda aka yi wa duka, waya ta yi ta ƙara ina kallonta har ta katse. Ga kuma ɗan'uwansa da bai san hunturu ko bazara ba, wato faɗuwar gaba ba gaira ba dalili, da saƙe-saƙen da ke farkawa da zarar na kashe fitila.

Makon jiya na fara zuwa wurin likita, don kada in yi ta kokawa da zuciya alhali matsalar a jini take. Ƙarancin jini yana kawo gajiya. Haka ma tayirod, 'yar tsokar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo: in aikinta ya yi ƙasa sai kasala da ƙunci, in ya yi yawa sai bugun zuciya da fargaba. Duka gwajin biyu sun fito lafiya. Muka yi yarjejeniya da ita cewa zan gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, amma in abin ya kai na kasa aiki, ko tunanin cutar da kaina ya gifta mini ko da sau ɗaya ne, in koma wurinta a ranar.

Na ja layuka a littafin rubutu. Kullum zan sa lokacin kwanciya, lokacin tashi, mintunan da na yi a waje, da makin yadda raina yake daga 1 zuwa 10. Jifa-jifa kuma zan cike takardar tambayoyi bakwai da likitoci ke auna fargaba da ita, mai suna GAD-7. Makinta daga 0 ne zuwa 21: daga 5 abin ya fara, daga 10 matsakaici, daga 15 mai tsanani. Yau 12 na samu.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: abu ɗaya a lokaci guda. Bara na jibga komai a mako guda, da abin ya lafa ban san wanne zan gode wa ba, da ya dawo ban san wanne zan zarga ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Da haske na fara, shi da lokacin tashi. Ƙarfe shida da rabi kullum, har Asabar da Lahadi, sannan rabin awa a waje da zarar gari ya yi haske.

Sunan da likitoci suka raɗa wa wannan ƙuncin bai tsufa ba. A 1984 ne Norman Rosenthal da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka bayyana shi a rubuce a matsayin lalura mai bin yanayin shekara, wato Seasonal Affective Disorder a Turance. Shi kansa daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka, a jikinsa ya ji yadda hunturun arewa ke danne mutum. Ban san me ya sa ba, amma jin cewa likita ma ya ɗanɗana ya rage mini kunyar abin.

Ga yadda na fahimce shi. A ƙwaƙwalwa akwai ɗan gungun ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, sama da inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta wa juna. Shi ne agogon jiki. Agogon nan in aka bar shi da kansa yakan ɗan zarce awa 24, don haka kullum sai an saita shi, kuma haske ne mai saitawa. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da babban aikinsu ba ganin siffar abubuwa ba ne, auna yawan haske suke yi su kai rahoto. Duhu ya yi, ƙwaƙwalwa ta saki melatonin, sinadarin da ke kiran barci, jiki ya san dare ya yi. Hasken safe ya shiga ido, a tsayar da shi. To in mutum ya tashi cikin duhu, ya wuni a ɗaki, ya dawo cikin duhu, dare ya yi kuma ya ƙura wa waya ido, agogon sai ya yi ta ja da baya. Ga ka a zaune kana aiki, jikinka na ganin asuba ba ta yi ba.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne tazarar da ke tsakanin ɗaki da waje. Na sa manhajar auna haske a waya. Ba ma'auni ba ce ta ƙwarai, amma ta isa ta nuna hanya. Ɗakina da fitila a kunne, luks 150 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Bakin taga, 800. Waje, ranar da hadari ya rufe sama ruf, sama da 3,000. Tsakar rana in sama ta washe kan kai har 100,000. Ido yana yaudarar mutum, domin yana daidaita kansa da duk hasken da ya samu, sai ka ga ɗaki fes alhali a wurin agogon jiki almuru ce.

Kwana takwas, na fita sau bakwai. Maki bai motsa ba, 4 da 5 ne. Sai dai ƙarfe goma da rabi na dare ina jin barci na gaske, abin da na manta kamarsa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ruwa kwana uku a jere. Ban fita ba, kuma Lahadi na kai ƙarfe tara a gado. Daren Lahadin sai ƙarfe biyu barci ya zo. Jiki magayi. Na sayi rigar ruwa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Abu na biyu, numfashi. Na daɗe ina yi wa wannan kallon raini, don duk wanda bai san me zai ce wa mai fargaba ba sai ya ce masa ya ja numfashi. Ashe ba a jan ba ne, a sakin ne.

In ka ja numfashi bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa, in ka sake shi ya ragu. Kowa zai iya ji da yatsa biyu a wuyan hannu. Jijiyar da ake kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta biyo wuya ta sauka ƙirji da ciki, ita ce birkin zuciya, kuma a lokacin sakin numfashi ta fi takawa. Mai fargaba kuwa akasin haka yake yi: gajeren numfashi mai sauri daga saman ƙirji, ya yi ta fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri da tsikarin yatsu su biyo baya, su kuma su ƙara tsoratar da shi. Na sha shiga wannan zagayen ban san ni nake hura wutar ba.

Wanda na zaɓa shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa sakamakonsa a farkon 2023. Sun sa mutum ɗari da 'yan kai suna yin minti biyar kullum na tsawon kwana 28, wasu salon numfashi iri-iri, wasu zaman shiru suna lura da tunaninsu. Salon da ya fi ɗaga rai shi ne: ka ja ta hanci, kafin ka saki ka ƙara ja kaɗan har huhu ya cika, sannan ka saki ta baki a hankali har ya ƙare. Da na gwada sai dariya ta kama ni. Ajiyar zuciya ce. Ita ce dai wadda yaro ke yi bayan ya gaji da kuka. Abin da aka ƙara kawai shi ne a yi ta da gangan, a jere, minti biyar.

Ba ta hana fargaba zuwa. Abin da take yi mini shi ne rage mata tsawo. Jiya saƙo ya shigo daga wurin aiki, gabana ya yanke ya faɗi tun ban buɗe ba. Da can haka zan wuni. Jiya kafin azahar na manta da shi.

GAD-7: 11. Bambancin maki ɗaya ba abin buga ganga ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kofi. Ba na son rubuta wannan.

Kofi huɗu nake sha, na ƙarshe wajen la'asar, kuma hujjata ita ce gajiyar hunturu. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, ba ƙarfi yake ba mutum ba, toshe wurin da adenosin ke kamawa yake yi, shi kuwa adenosin shi ne sinadarin da ke taruwa tun safe yana gaya wa ƙwaƙwalwa ta gaji. Jiki kan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabinsa, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Ke nan wanda na sha ƙarfe huɗu, rabinsa na nan ƙarfe tara na dare. Ga shi kuma alamominsa, bugun zuciya da rawar hannu, su ne dai alamomin fargaba. Ina biyan kuɗi ina sayen abin da nake gudu.

Na yi wautar yanke shi gaba ɗaya ranar Litinin. Talata da Laraba kaina kamar zai tsage, sannan na karanta cewa ciwon kan barin kafeyin sananne ne, yakan fara cikin kwana guda ya kai har mako. Na koma biyu, duka kafin ƙarfe sha ɗaya na safe. A hankali ya kamata in sauko tun farko.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Yanzu gari ba ya wayewa sai lokacin da ya kamata in kama aiki, fitar safe ta koma tafiya cikin duhu. Na mayar da tafiyar tsakar rana, na sayi fitilar jinya don safiya. Ƙa'idarta luks 10,000, minti 20 zuwa 30, jim kaɗan bayan tashi. A gefe ake ajiye ta, ido a buɗe amma ba a ƙura mata shi, kuma a nisan da masu ƙera ta suka faɗa, don matsar da ita baya kaɗan yana zubar da ƙarfin hasken sosai. Sai da na tambayi likita tukuna, domin mai ciwon ido ko mai lalurar bayifola, wadda ke ɗaga mutum sama da zumuɗi sannan ta kayar da shi, fitilar na iya jawo masa matsala. Ranar farko na yi gangancin kunna ta da yamma. Ƙarfe ɗaya na dare idona biyu.

Ƙanwata ta kira, ta ji muryata, washegari sai ga hotunan kwalabe uku. “Yaya, ka gwada waɗannan mana, ai ganye ne, ba su da illa.” Na san ƙauna ce. Amma kalmar nan, ganye ne, ita ce ta fi ba ni tsoro a duk wannan harkar. Na farkon shi ne wanda Turawa ke kira St John's wort. Akwai binciken da ya nuna yana taimaka wa ƙunci marar tsanani, ban musa ba, sai dai yana sa hanta ta riƙa share wasu magunguna da sauri: yana raunana ƙwayar tsarin iyali, yana raunana warfarin mai tsinka jini, in kuma aka haɗa shi da magungunan ciwon damuwa na asibiti abin kan zama haɗari. Na biyu kava, wanda Jamus ta taɓa janye shi daga kasuwa a 2002 saboda rahotannin lalacewar hanta. Na uku ashwagandha, wanda Denmak ta hana sayarwa a 2023. Na ce mata, “Ke dai ki ci gaba da kirana, ya fi mini kwalaben nan amfani.” Ta ɗauka zolaya ce.

Bitamin D ma na duba, tunda kowa shi yake ambata da hunturu. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2020, na mutum sama da 18,000 'yan shekara 50 zuwa sama, bai ga ya hana ciwon damuwa ba. Wanda jininsa ya nuna ƙarancinsa, wannan magana ce dabam, tsakaninsa da likitansa.

Litinin, 9 ga Disamba

Mummunan mako. Aiki ya taru, na yi kwana huɗu ban leƙa waje ba, maki ya sauko 3. Tsugune ba ta ƙare ba.

Na gwada zaman shiru na minti goma, irin wanda ake lura da tunani ana barinsa ya wuce. Ni dai nawa ba ya wucewa, kujera yake ja ya zauna. Na san waɗanda ya yi wa amfani, ban ce ƙarya suke ba, amma na ajiye shi. Wanda ya fi karɓa ta shi ne tsohon salon Edmund Jacobson na shekarun 1920: ka ɗaure tsokar wani sashe na jiki na 'yan daƙiƙoƙi, ka sake ta, ka matsa gaba, daga ƙafa har goshi. Mai saƙe-saƙe gara a ba shi abin yi. A nan na gano ashe da haƙora a cije nake wuni.

Alhamis, 12 ga Disamba

Saƙe-saƙen dare ne ya rage, kuma na samo masa dabara biyu.

Ta farko Thomas Borkovec, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya kawo ta tun 1983: a ware wa damuwa lokacinta da wurinta. Shi rabin awa ya ce, ni minti 20 nake yi, ƙarfe shida na yamma, a kan kujerar da ba na zama a kanta don komai. Duk damuwar da ta taso da rana sai in rubuta ta a layi ɗaya in ce mata sai ƙarfe shida. Da farko na ga abin wasan yara ne. Amma hana kai tunani ba ya yiwuwa, ɗage shi kuwa yana yiwuwa, kamar mai bin bashi ne, in ka ce babu zai tsaya a ƙofa, in ka ba shi rana sai ya tafi. Idan shidan ta yi na buɗe takardar, fiye da rabi sun riga sun huce. Sauran in raba su biyu: masu abin yi, in rubuta matakin farko, marasa abin yi, in bar su a takarda.

Ta biyu daga wani ɗan ƙaramin gwaji ne na Jami'ar Baylor a 2018, mutum 57 kacal. Waɗanda suka yi minti biyar kafin kwanciya suna rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci, da kimanin minti tara. Ƙaramin gwaji ne, ba zan rantse a kansa ba, amma alƙalami da takarda kawai yake ci.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau ce rana mafi gajarta a shekara a arewacin duniya. Na zauna na karanta littafin daga farko.

Da wani ya tambaye ni da safe yaya wata biyun nan suka kasance, da na ce masa duk baƙi ne. Littafin ya ƙaryata ni. A cikin kwana 68, waɗanda maki ya sauko 3 ko ƙasa guda tara ne, shida daga ciki a makon nan ɗaya na Disamba. Ƙunci ba yau kaɗai yake ɓatawa ba, har jiya yake komawa ya shafa mata baƙi, sai mutum ya rantse bai taɓa jin daɗi ba. Ko ba don komai ba, don wannan ba zan daina rubutun ba.

Na kuma jera ranakun da na yi tafiya a waje da waɗanda ban yi ba. Kusan duk inda na yi kwana biyu a ɗaki, maki na faɗuwa a rana ta uku. Na san wannan ba hujja ba ce tsayayya, don mai yiwuwa ƙuncin ne ya fara hana ni fita, ba rashin fitar ya kawo shi ba. Amma akwai ranaku goma sha ɗaya da na rubuta “ban so fita ba, na fita”, kuma a cikinsu babu wadda na dawo na yi da-na-sani. Da can jira nake sha'awar fita ta zo sannan in sa takalmi. Ashe a hanya take iske mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce babba ya yi a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Rabin awa sau biyar ta kai ni ƙasan ma'aunin. Wani bincike na mutum kusan 20,000 a Ingila, a 2019, ya ga waɗanda ke yin awa biyu a mako cikin itatuwa da fili sun fi cewa suna jin daɗin jikinsu da ransu. Tun da na karanta na canza hanya, na bar bakin titi na koma inda ke da itatuwa, ko da yake yanzu duk sun zubar da ganye.

GAD-7: 8.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Na yi tsammanin bayan 21 ga wata safiya za ta fara sauƙi. Ina! Yamma ce ke fara tsawo, fitowar rana kuwa sai ta ci gaba da makara har farkon Janairu. Fitila na nan tana aiki.

Akwai layin da ban ja ba a littafin, kuma yanzu na ga shi ne giɓin: mutane. Na gyara barci, na gyara haske, amma har yanzu waya in ta yi ƙara kallonta nake. Na ƙara layi na biyar, ko na yi magana da wani da baki a ranar, ba saƙo ba. Ƙanwata ta karɓi Talata da Juma'a. Wani abokin aikina ya ce zai riƙa bi na tafiyar tsakar rana, ya zo sau biyu, surutunsa ya ishe ni, kuma duka ranakun 7 na rubuta.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na koma wurin likita da littafin a hannu. Ta fi daɗewa a kan shafin makon 9 ga Disamba. Ta ce, “Ka ga nan? Ba hunturu ne kaɗai ya kayar da kai ba. Aiki ya taru, abin da ka fara yankewa shi ne abin da ke riƙe da kai.” Ban da amsa.

Ta kawo maganar zama da masanin halayya, irin jinyar da ake koya wa mutum bincikar tunaninsa da tsara ayyukan da zai yi ko ransa bai so. Na je na karanta aikin Kelly Rohan ta Jami'ar Vermont, wadda ta gwada wannan da fitila. A hunturun farko kusan kunnen doki suka yi. A hunturu na biyu bayan jinyar kuwa, abin ya dawo wa kimanin kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka yi zaman, da kimanin kashi 46 na 'yan fitila. Dalilin bai da wuyar gani: fitila sai kana kunna ta take aiki, kuma da yawa sukan jefa ta ƙarƙashin gado. Na ba da sunana, zaman farko a Fabrairu.

GAD-7 na yau 7. Kofi ya koma ɗaya. Ajiyar zuciyar minti biyar nakan manta da ita sai ranar da abu ya taso, wannan sai na gyara. Kujerar ƙarfe shida kuwa kwana uku ke nan ina zuwa da takarda babu komai a kanta.

Daga Litinin zan kashe fitilar na mako guda, in bar tafiya da lokacin tashi yadda suke, in ga me maki zai ce. In ya sauko ƙasa da 5 kwana uku a jere, zan mayar da ita ba gardama.